Abokin Na-Allah na Ƙetaren Gulbi

Ni dai sa'ad da na san Baba Na-Allah ya riga ya tsufa. Shagon ɗinkina a Malanville yana kallon ƙofar gidansa, kuma daga bakinsa na tsinci abin da zan faɗa, kaɗan-kaɗan, don ba mai yawan magana ba ne.

Ɗan masunta ne daga Garou. Bai cika shekara ishirin ba Faransawa suka ɗauke shi soja. Aka zuba su a mota har Kutonu, daga nan jirgin ruwa, sai ga shi cikin duwatsun Aljeriya, inda ake yaƙi. Yaron da ya tashi cikin kwalekwale ya tsinci kansa a ƙasar da babu gulbi, ga sanyi mai tsaga leɓe, ga umarni da harshen da bai ji sosai. Ya daɗe bai yi hira da kowa ba.

Wata rana ya ji wani soja yana zagin takalminsa da Dendi, harshen garinsu. Na-Allah ya amsa mishi da Dendi. Mutumin ya saki takalmin, ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Issufu ke nan, mutumin Gaya, garin da ke kallon Malanville daga wancan ƙetare. Tun daga ranar ba su rabu ba. Sa'ad da harsashi ya sami Na-Allah a cinya, Issufu ne ya goya shi ya sauko da shi daga dutse.

Sau ɗaya na taɓa jin ya shiga zancen yaƙin kansa. Na kai mishi rigar da na gyara, ya ce in zauna.

"Ranar nan anka ce mu kewaye wani ƙauye," in ji shi. "Muna kwance bayan duwatsu da bindiga, sai munka ji kiran salla daga ciki. Irin namu, Karimu. Ba bambanci ko kaɗan."

"To, Baba, sai aka yi yaya?"

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. "Issufu ya sani," ya ce, bai ƙara komi ba.

Da suka dawo gida, ƙasa ta zama biyu, gulbi ya zama iyaka. Na-Allah ya auri Mariama, ya kafa rumfar ƙugiya da zaren koma a kasuwa. Suka haifi maza biyu da mace ɗaya. Mazan suka bi neman abinci kudu, macen, Nazifa, ta yi aure a Guéné, Mariama kuma ta rasu, gidan ya yi mishi girma. Abin da ya rage mishi shi ne ranar kasuwa. Issufu zai ƙetaro gada da sandarsa, ya tsaya a ƙofa ya kira shi yadda suke yi a soja, "Kamarad, kana da rai?" Su zauna a tabarma ɗaya, a daka musu goro don haƙora sun tafi. Yawanci ko magana ba su yi. La'asar ta yi, Issufu ya koma.

Sai aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya, jandarma suka tsare gada. Masu ƙarfi suna ƙetarewa a kwalekwale, amma idon Issufu ya riga ya yi rauni, ƙafar Na-Allah kuma ba ta kai shi ko masallaci sai da hutu. Duk da haka, kowace ranar kasuwa yana sa a daka goro na mutum biyu.

Karimatu mai kifi ce ta kawo labarin daga Gaya. Issufu ya rasu, har an yi sadakar arba'in. Babu wanda ya tuna ya aiko.

Washegari Na-Allah ya aika aka kira ni. "Ka kai ni bakin gulbi. Zan tahi gaisuwa."

Na ɗora shi a babur. A bakin ruwa sai da ni da mai kwalekwale muka ɗaga shi muka sa ciki, ya kau da kai don kunya.

Oumarou, babban ɗan Issufu, ya tarbe mu da mutunci, ya kawo ruwa. Na-Allah ya tambaye shi ko ubansa ya taɓa ba su labarin Aljeriya.

"A'a, Baba. Mun dai san ya yi soja. In munka tambaya, sai ya tashi ya hita."

Na ga Na-Allah ya buɗe baki, ya duba fuskokin mutanen da ke zaune, ya rufe. Ya nemi a kai shi maƙabarta. Ya zauna a ƙasa kusa da kabarin, ya yi addu'a, sa'an nan ya yi ta magana ƙasa-ƙasa da Dendi. Muka matsa nesa.

Bayan damina Nazifa ta zo da mota ta ce ba za ta sake barinsa shi kaɗai ba. Da can yakan yi gardama, wannan karon ya ce ta ɗauko mishi bargo da buta kawai. A Guéné ya rasu, watan azumi. Gidan yanzu wani ɗan kasuwa ke ajiye buhunan albasa a ciki.