Kujerar Mai Zaman Banza

Mai Awo ake ce masa a layin masu gyaran mota, don ba ya saita sautin mota da kunne kawai. Makirfo ne da shi siriri kamar biro. Sai ya ɗaure shi a kujerar direba daidai inda kai yake, ya rufe ƙofofi, ya saki wata ƙara mai kama da ruwan sama a kan kwano, ya zuba wa kwamfuta ido. Sifikar da ta fi kusa da direba yakan jinkirta ta kaɗan, har murya ta tsaya cak a tsakiyar gilashin gaba. Wannan ita ce dokarsa tun yana saurayi. Wanda ya zo neman kiɗan da zai girgiza unguwa, rumfar gaba yake nuna masa, ko kallo na biyu babu.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, mijin ƙanwarsa Auta, wanda ya laƙaba wa suna Rediyo saboda surutu. Mai Awo ya saita masa mota tsaf, amma bawan Allah bai taɓa yin shiru ya saurara ba. Rediyo ne ya koya wa Auta tuƙi, yana kujerar mai zaman banza yana zuba umarni. Wata rana ta ɗauki muryarsa a waya don ta nuna masa yawan mitarsa. Bai cika shekara ba bayan nan ya rasu.

Da ta fita takaba, Auta ta kawo motar rumfar yayanta ta ce a nemo mai saye. Yara uku ne, makaranta da nisa, kuma motar ce ƙafarsu. Amma ta ce da zarar ta hau babban titi sai tsoro ya kama ta. Ta gwada kunna muryar marigayin, sai abin ya ƙaru.

"Yaya, daga gilashi yake min magana. Shi kuwa bai taɓa zama a can ba."

Maganar ta soki Mai Awo, don aikinsa ne ya kai muryar can. Ya sa ta gyara kujera yadda take tuƙi, ya auna tsayin kunnenta, ya ɗaure makirfo a nan. Yinin ranar ya yi yana ɓata abin da ya fi alfahari da shi. Ya rage sifikun ɓangarenta, ya jinkirta su, ya ɗan ja sautin baya, yana aunawa yana tsaki. Layukan kwamfutar suka karkace yadda da wani ne ya yi da ya kira shi ɗan koyo.

Da la'asar ya miƙa mata makulli, ya ce ta zaga layin ta dawo, in bai yi ba gobe a kira dillali. Ta tayar da mota, ta kunna wayar. Gilashin ɓangarenta a buɗe yake, saboda haka ya ji Rediyo daga kujerarsa ta da, yana cewa ta duba madubi, ta duba madubi mana.

Auta ta juya gefe da fushinta na da.

"Na duba ai. Ka bar ni in yi tuƙi."

Ba ta zaga layin ba. Babban titi ta hau, ta nufi makarantar yara.