Inna Na Kwana

A unguwarmu ta Gwandu, wanda bai san A'isha mai masa ba, to baƙo ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, don haka ba labari aka ba ni ba. Tun rasuwar mijinta da tandar masar nan ta ciyar da yara, har ta kai autanta Lukuman jami'a a Kalgo. Mace ce mai faɗa, ba ta barin ta kwana, ni ma na sha nawa rabon. Amma da an sallaci azahar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya ta yi barci kamar an zare mata laka. Wannan barcin ne kaɗai abin da ta mallaka don kanta.

An tura Lukuman karatu, ya dawo da jita. Shi da Samuel mai ganga, ɗan Zuru, da wani Muzzammil suka kafa ƙungiyar kiɗan Turawa da ake ce wa rok, wai Tsawar Fadama. Ni dai a kunnena kamar ana dukan kwanon rufi ne, amma ɗalibai sun mutu a kansu. A'isha ta yi faɗanta ta gaji, ta ce tunda ba sata yake ba, Allah ya shirya.

Bara suka fitar da kundin waƙoƙinsu. Duk hayaniya ce, sai ta ƙarshe. A wannan babu ganga, jita ce kawai da muryar Lukuman ƙasa-ƙasa, yana cewa: ku taka sannu, Inna na kwana, ta gaji, kada ku tashe ta. Ran da na fara ji na yi murmushi, don na san tabarmar, na san inuwar. A wajenmu in an ce mutum na kwana, barci yake, shi ke nan.

Amma waƙa ba ta tsaya a Kalgo ba. Ta bi wayoyi ta kai Kano, ta kai Kaduna, inda ba haka ake faɗi ba. Can suka ji kwana, suka ji muryar ta karye, sai suka ɗauka kwanan kabari ne. Ƙasan waƙar a intanet ya cika da Allah ya jiƙan Inna, Allah ya kyauta makwanci. Wata ta rubuta cewa ta kwana kuka. Wani ma, don iyayi, ya ce ya halarci jana'izar. Lukuman ya yi bayani sau ba adadi, amma wa ke karanta bayani?

Abin ya daina ba ni dariya ranar da ƙanwar A'isha, Habiba, ta sauka daga motar Kaduna da jajayen idanu, ta shiga gida tana salati, ta iske mamaciyar tana juya masa. Kafin la'asar duk gari ya ji. Mata suka riƙa leƙowa, wai sayen masa, alhali kallon wadda ɗanta ya binne da rai suka zo. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kori biyu da kaina.

A'isha ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ta daina ɗaukar wayar Lukuman. Abin da ya aiko ta mayar. Yaron ya rame, don ɗan da uwa ta juya wa baya ba ya ganin daidai. Ya ce zai cire waƙar, sai masoyan waƙar suka yi masa ca. Wata yarinya mai suna Albarka daga Dangoma, wadda tata uwar ta rasu da gaske, ta tare shi a bakin titi tana roƙo, ta ce da waƙar take samun sauƙi. Duk da haka ya cire, amma ta riga ta zauna a wayar kowa.

Ni ya roƙa na raka shi wajen A'isha. Ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna, ki ji ta da kunnenki sau guda. Maganarmu ta ba su gane ba."

Ta ce ya kunna. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan gwiwa, ba ta ko motsa ba.

"Auta," ta ce, "ba laihin kalma ba na. Mutanen ga sun ji daidai. Wagga murya ta mai makoki ta. Ka tsaya bisa kaina ina kwana, mi kag gani?"

Na jira ya musa. Wallahi na so ya musa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a ƙasa, ya ce, "Na ga kin tsuhwa, Inna. Na ji tsoro."

Sai ta jawo tandarta ta fara goge ta.

"Tashi ka koma makaranta, na yahe ma," ta ce. "Amma in ranar ta zo, kak ka wahal da kanka. Kai ka riga ka yi kukanka."