Wanda Ya Ba Da Lambata

Hannun jarin da nake da shi a kamfanin waya gado ne. Mahaifina ya saya tun ina jami'a, da ya rasu aka zo rabo, 'yan'uwana maza suka zaɓi gona da fili, ni kuma takardun suka faɗo a kaina. Ba wani abin kirki ba ne. Sai ribar shekara ta shigo nake tunawa da shi, in yi wa marigayin addu'a, in ci gaba da aikina a sashen magunguna na ma'aikatarmu a Abuja.

Wanda ya jawo ni cikin harkar aminin mahaifina ne, tsohon babban sakatare da ya yi ritaya yana zaune a Maitama. Baba nake ce masa tun ina yarinya. Duk ƙarshen wata, ranar Asabar bayan La'asar, yakan tara 'yan arewa masu ɗan hannun jari a falonsa, yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne da waɗanda suka ajiye aiki. A sha shayi, a ci kilishi, a yi hirar kasuwa. Ni ce ƙarama a cikinsu, kuma mata ba mu da yawa, don haka nakan zauna can gefen taga in yi shiru.

A shekarar da nake ba da labari, magana ta fito cewa kamfaninmu zai haɗe da wani kamfanin waya, su zama ɗaya. Wancan kamfanin kuwa, masu rinjaye a cikinsa 'yan ƙasar waje ne. Jaridu suka ce daga ƙasa kaza suke, wasu suka ce a'a, rajista kawai aka yi a can, ainihin masu kuɗin suna wata ƙasar daban. Za a kira babban taron masu hannun jari a kaɗa ƙuri'a, daga nan gwamnati ta duba.

Baba yana goyon baya tun ranar farko. Ya ce kamfanin ya galabaita: man dizal na cinye shi, ɓarayi na sace batura a turakun sabis, kayan gyara kuma da dala ake saye. In ba sabon jari ya shigo ba, takardunmu za su koma na ƙunshe ƙosai.

Wanda ya tsaya masa a gaba wani tsohon kanar ne da ya yi aikinsa a sashen sadarwa na soja. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, ba ya shan shayin sai ya huce. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kamfanin sabulu muke magana a kai ba. Wanda ke riƙe da layi ya san inda kowa ya kwana. Ya san alƙalin da ya kira ɗan siyasa, ya san hanyar da motar sojoji ta bi. Wa za mu miƙa wa wannan?"

Baba ya ce, "Kanar, na'urorin da ke cikin turakun nan a Kano aka ƙera su? Ai tun asali daga waje ake kawo su. Kuma akwai doka."

"Doka tana nan. Wanda zai bi ta nake tambaya."

Haka aka yi ta ja, falo ya rabu biyu. Ni dai abin da Kanar ya faɗa ya taɓa ni, saboda na tuna lokacin da aka rufe sabis a jiharmu don matsa wa 'yan bindiga. Mahaifiyata tana ƙauye a lokacin, ga hawan jini. Sai an sami mai tafiya zuwa iyakar wata jiha kafin in ji ko tana raye. Wannan umarnin gwamnatinmu ne, mun ji zafinsa amma mun san wanda ya ba da shi. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ba su labarin, na ce, "Ni ba na son wata rana a yanke ni da uwata, kuma in rasa ko sunan wanda zan yi kuka da shi. A faɗa mana sunayen mutanen, ba sunayen kamfanoni ba."

Baba ya dube ni ta saman gilashinsa. Kanar ya gyaɗa kai.

Cikin makon da ya biyo baya, ina ofis da rana ina duba samfurin wasu magunguna, wayata ta yi ƙara. Ba lamba a fuskar wayar. Namiji ne, Hausarsa mai kyau amma ka ji ba a gida ya koye ta ba, yana yi mini "ka" yana gyarawa. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni da cikakken sunana har da na mahaifina. Ya ce yana aiki da masu wayar da kan masu hannun jari game da haɗewar.

Ya ce, "Hajiya, mun ji damuwarki. Ba wanda zai yanke ki da Mama. In kina son wanda za ki yi kuka da shi, ga ni."

Maganata ce, kusan kalma da kalma, wadda na yi a falon da ba baƙo ko ɗaya. Na ce, "Malam, wa ya ba ka lambata?"

Ya yi 'yar dariya ya ce lambobin masu hannun jari ba sirri ba ne. Na ce, "To maganar fa?" Ya ce in yi haƙuri, zai sake kira in na huce. Ya kashe.

Da na koma gida na gaya wa maigidana. Malamin jami'a ne, bai taɓa son taron Maitama ba. Ya ce in sayar da takardun in huta. Na ce ba takardun ne suka dame ni ba. Na zauna ina bin fuskokin mutanen falon ɗaya bayan ɗaya. Wane ne ya riƙe waya a hannu lokacin da nake magana? Wa ya fita kafin a tashi? Har mai kawo shayi sai da na saka a lissafi. Mutanen da na sani shekara da shekaru, wasu sun zo sunan 'ya'yana, kowa na duba sai in ga zai iya.

A taro na gaba na faɗi abin da ya faru. Sai ga wasu mutum biyu su ma sun ce an kira su, dukansu daga cikin masu adawa. Wani ya ce ƙila wayoyin ne da kansu ke saurare. Baba ya ɓata rai ƙwarai, ya ce a gidansa ba a taɓa yin haka ba. Ya sa maigadi ya ɗauko wata babbar tukunyar ƙasa da ya sayo a Ushafa don shuka fure, aka ajiye ta a baranda. Daga ranar, kowa ya zo sai maigadin ya tare shi ya ce, "Oga ya ce a sa waya cikin tukunya." Muka riƙa jefa wayoyinmu ciki ana rufewa da faifai.

Hakan bai gyara komai ba. Wayoyi suna waje, amma mutane suka daina sakin baki. Wanda ya saba zuba sai ya ce shi dai yana saurare. In biyu suka keɓe a bakin mota, sai sauran su bi su da ido. Ni kaina nakan tsaya ina tunanin wa ke kusa da tukunyar lokacin da muke ciki.

Wata Asabar bayan an watse, Baba ya ce in dakata. Ya rage murya duk da ba kowa. Ya ce, "'Yata, na ga kina bin Kanar. Kin tambaye shi wa yake yi wa aiki? Akwai kamfani na uku da ba ya son haɗewar nan, don in an yi, kasuwarsa za ta ragu. Kanar mai ba su shawara ne kan tsaro. Ki yi tunani: wa ya ci riba da kiran da aka yi miki? Tsoro ya ƙara tura ki wajensa ko bai tura ba?"

Na fito kaina na juyawa. Ban taɓa kallon abin ta wannan gefen ba.

Kanar yana da gona a wajen Karshi, da 'yan shanu da wani Bafulatani ke kula masa da su. Ya sha gayyatar mu. Na lallashi maigidana muka je wata Lahadi da safe. Muka same shi a gindin mangwaro yana duba wata saniya mai ciwon ƙafa. Bayan an kawo mana fura da nono, ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Yallabai, gaskiya ne kana yi wa kamfanin nan da ba ya son haɗewar aiki?"

Bai firgita ba. Ya ce, "Gaskiya ne. Ina duba musu tsaron turakunsu. Ya kamata in faɗa a taro, ban faɗa ba. Amma ki cire ni daga ciki, ki duba maganar ita kaɗai. Akwai ƙarya a abin da na ce?"

Na ce, "Ban sani ba. Yanzu ban san komai ba."

Ya juya ludayi a cikin ƙwarya ya ce, "Wanda ya gaya miki nawa, ya gaya miki nasa? Babban ɗansa, wanda ya dawo daga karatu a waje. An yi masa alkawarin kujerar darakta a sabon kamfanin. Ki tambaye shi."

A hanyar dawowa, da muka wuce kasuwar Karshi, maigidana ya dube ni. Ya ce, "Kowannensu ya ba ki rabin gaskiya, rabin da zai cuci ɗan'uwansa."

Tambayar Baba ta fi mini wuya. Mutumin da ya tsaya a kan gawar mahaifina har aka rufe, shi ya karɓi sadakina. Na je a ranar aiki da yamma, na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ina zagaye kafin na fito da maganar. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga.

Ya ce, "An yi masa magana, ba a yi alkawari ba. Kuma ra'ayina ya riga wannan. Kina ganin zan sayar da ƙasar da na yi wa aiki duk ƙuruciyata saboda kujera?"

Na ce, "Baba, ni kiran ne ya tsaya mini a rai."

Ya ce, "Wallahi ban ba kowa lambarki ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma nakan yi hira da yaron bayan taro. Ɗana ne. Ban san da wa shi kuma yake hira ba."

Na karɓi rantsuwarsa, don ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Sai dai Kanar ma bai yi mini ƙarya ba da na tambaye shi, kuma ɗayansu, ko wani na kusa da ɗayansu, ya ɗauki maganar uwata ya kai wa baƙo.

Ranar ƙuri'a ban je Legas inda aka yi babban taron ba, ta waya na kaɗa tawa daga ofis. Na ƙi amincewa. Na san ba za ta girgiza komai ba, manyan masu jari sun riga sun gama magana, aka amince da gagarumin rinjaye. Daga nan batun ya koma hannun gwamnati, ya daɗe a can. Aka yi ta zama, masu cewa tsaron ƙasa suna faɗa, masu cewa za a kori masu zuba jari suna faɗa. A ƙarshe aka yarda da haɗewar bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa bayanan jama'a za su zauna a cikin ƙasa. Sunayen da na nema ban gan su a ko'ina ba.

Bayan an sanar, mutumin ya sake kira, da rana kamar wancan karon. Ya ce ya kira ne ya yi mini godiya. Ya ce sun san ban ba su ƙuri'ata ba, amma ba komai, ba a riƙe ni a zuci ba. Ni kuwa ban gaya wa kowa abin da na zaɓa ba sai maigidana. Ƙila ya gani a rajistar taron, ƙila kuma hasashe ya yi. Na ce, "Malam, don Allah wa ya aiko ka?" Ya ce, "Hajiya, ai yanzu duk mun zama ɗaya." Bai sake kira ba.

Taron Asabar ya yi ta raguwa har ya mutu da kansa. Ina zuwa gaida Baba da Sallah, muna hirar marigayi da ciwon gwiwarsa, ba ma taɓa wancan zancen. Ɗansa bai zama darakta ba, amma na ji yana da ofis a sabon kamfanin. Kanar kuma yakan aiko mana da man shanu lokaci-lokaci, ina karɓa ina godiya.

Ganina na ƙarshe da Baba da Kanar tare a walimar auren 'yar wani tsohon abokin aikinsu ne. Na shigo zauren na hango su a teburi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suna cin nama a faranti guda. Kanar ya raɗa wa Baba wani abu a kunne, Baba ya yi dariya har yana riƙe hularsa. Suka hango ni, dukansu suka ɗaga mini hannu. Na ƙarasa na durƙusa na gaishe su, suka tambayi yara da maigida, na ce kowa lafiya. Na tashi na wuce ɓangaren mata, na sami kujera inda ba za su ga fuskata ba, ni kuma ina ganin tasu.