Gwangwanin Inna da Sikelina

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da Inna ta gyara mini Turancina ba, ita da ko ajin farko ba ta taɓa shiga ba.

Lokacin ƙarfinta ya fara ja baya. Babban abin da ke damunta shi ne kada wainarta, wadda duk layinmu a Tudun Wada aka sani, ta bi ta kabari. Jikarta, 'yar yayana da ta tashi a Turai, ita kaɗai ta nace sai ta koya, ga shi Turanci kawai take karantawa. Ni kuwa malamar Turanci ce, mai ji da kaina. Na ari sikeli, na cika tsohon gwangwanin madarar Inna da shinkafa, na shafe bakinsa, na auna. Na rubuta wa yarinyar da Turanci cewa gwangwani ɗaya daidai yake da giram kaza, har ina alfahari da kalmar da na zaɓo, mai nufin babu ragi babu ƙari.

Bayan kwana uku yarinyar ta kira a waya tana kuka. Ƙullun ya tsinke, wainar ta ƙi tashi, wai ita ce ba ta da hannun Inna.

Inna ta ce, "Ke, kawo gwangwanin nan in gani."

Ta tsoma shi cikin shinkafa, ta kewaye bakinsa da tafin hannunta, shinkafar ta yi tsororo, sannan ta juye duka.

"To malama, wannan hannun fa, a ina kika rubuta shi?"

Kunya ta rufe ni. Shekara arba'in ina kallon awon nan, ban taɓa lura ba. Na sake aunawa, na goge kalmata, na sa wadda ke nufin kimanin, na ƙara cewa a ɗora cikin hannu ɗaya.

Inna ta karɓi wayar ta ce, "Daina kuka, takwara. Laifin mai boko ne."

Ta rayu har ta ga hoton wainar da ta tashi fam, ta yi ta shafa fuskar wayar tana dariya. Bayan wata biyu Allah ya karɓi abinsa. Ina kewarta ƙwarai.

Tun ranar na koyi cewa kafin ka mayar da awon wani zuwa naka, tsaya ka kalli hannunsa tukuna.