Waƙar Da Ta Raba Bilya Da Makulli

Bilya na Mabai, ɗan baffanmu, tun yana goye ba ya son zama wuri ɗaya. An ce ranar sunansa ma sai da aka nemo shi. Aji biyu ya yi a makaranta ya gudu tashar Ƙanƙara, ya yi ta wanke motoci har Alhaji Yahya ya ba shi makullin wata tsohuwar mota mai cin mutum tara da awaki huɗu, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa.

Sai wani mai tura waƙoƙi ya sa mashi waƙar Turawa a mimori, irin kiɗan da ake kira rok. Jita na kuka, ganga kamar ana fasa dutse, mawaƙin na ihu sai ka ce kunama ta harbe shi. Ita Bilya ke sawa har garin Mairuwa, ya sake maido ta farko. Tsofaffi suka fara sauka tun ba a kai garinsu ba.

Gide, wani yaron tasha wanda ya shekara uku yana haɗiyar yawu kan makullin nan, ya kai ƙara. "Alhaji, batsa ce zalla. Fasinja tsine ma motarka suke."

Alhaji ya tara su a ƙofar gida. "Fassara mani, Bilya. In batsa ce, ka aje makulli."

Bilya ba ya jin Turanci ko na tambayar hanya, amma ya gyara hula. "Alhaji, matafiyi ne. Ji gangar nan, taya ce bisa ramuka. Wannan ihun kuwa na wanda ya kwana a kujerar mota ne. Na san kukan nan, da shi nake tashi kullum."

"Maƙaryaci!" in ji Gide. "Kai da allon hanya ma sai an karanta maka!"

"Kai ko baro aka ba ka sai ka kai shi rami, ɗan baƙin ciki!"

Alhaji ya kira ɗiyarsa Khairiyya, mai karatu a kwaleji. Ta saurara sau biyu tana yamutsa fuska.

"Baba, babu batsa. Makaɗi ne mai yawon wasa gari-gari. Yana cewa kullum yana cikin mota, garuruwan duk sun zame mashi iri ɗaya. Ya gaji, gida yake son komawa."

Bilya ya daka tsalle har hula ta faɗi. "Ka ji ko, Gide? Ka ji ko!"

Alhaji bai yi dariya ba. "Wato sau goma a rana kake gaya ma fasinjana ka gaji da hanya?"

"Ba ni ba ne, Alhaji, Baturen ne."

"Da bakinka ka ce da kukan kake tashi. Ba na ɗora rayukan mutane a hannun gajiyayye. Miƙa ma Gide makulli."

Yanzu Bilya na gida, yana korar tsuntsaye a gonar gero. Mimorin ya manta shi a cikin motar. Duk ranar da Gide ya biyo ta Mabai, sai ya rage gudu daidai gonar, ya ƙure waƙar.