Wutar da Ba Ta Sauka a Ƙasarmu Ba

Inna Tumba, mahaifiyar mahaifiyata, ba ta fara tatsuniya sai an ci tuwo an yi sallar isha'i. Lokacin kaka aka fi jin daɗin hirarta, sa'ad da dammunan gero suka cika tsakar gida, ita kuma ta hura wutar kara a bakin ɗakinta ta binne mana gyaɗa a cikin rushi. Ƙauyenmu yana gabas da Moriki, kuma a wancan zamani babu abin da muke tsoro bayan faɗuwar rana sai kunama. Mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta muke kewaye ta. Abokina Shafi'u ya fi kowa matsawa kusa da gyaɗar. Autanta kuwa, Kawu Lawali, wanda ya riga ya zama saurayi, yakan jingina da rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, yana yi kamar ba ya saurare.

Tana da wata doka wadda ban taɓa gani a gidan kowa ba. Tatsuniya dai ta yarda ƙarya ce, da bakinta take faɗa. Amma wanda ya ce “na gani” a gaban wutarta ya ɗauko wa kansa aiki. Sai ta jawo toka da tafin hannu, ta shimfiɗe ta a ƙasa, ta miƙa masa tsinke. Ni kaina na taɓa faɗawa hannunta, ranar da na ce na ga kura a bayan gari.

“Zana min, maigida,” in ji ta, domin haka take kirana cikin wasan jika da kaka. “Ina kat tsaya? Ina tsamiya? Rana tana ina? Wa ad da kai?”

Na zana, ina in-ina. Kafin in gama, zanen da kansa ya nuna cewa abin da na hango yana tsaye ne daidai turken jakin liman.

“Wanga miji nawa!” Ta tafa hannu. “Jakin liman kam mayar kura? To gobe shi kai ka ƙara wurin mai gari, ba ruwana.”

Aka yi ta dariya, ni kuwa na kwana ina jin haushinta.

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda muka fi ƙi, ita kuma ta fi son maimaitawa. Takan buɗe da cewa, “Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri.” Mu amsa, “Ta zo ta zamna.”

Wai a wani gari, ana tsakiyar sussuka, sai aka ga wuta ta ratsa sama daga yamma zuwa gabas. Sarki ya tashi mutum uku su bi sawunta. Na farko ya kai bakin ganuwa, ya kwanta a inuwa, ya dawo da la'asar ya rantse cewa dodo ne mai jelar garwashi. Na biyu ya kai bakin gulbi, ya ji masunta suna hira, ya dawo ya ce mayaƙa ne tafe da jiniyar wuta a hannu. Gari ya ruɗe, kowa ya ɗauki ɗansa ya hau dutse, aka bar hatsi a masussuka. Na ukun wani tsoho ne mai haƙar rijiya. Bai dawo ba sai bayan kwana bakwai, ƙafafunsa duk faso. Ya tarar da tsuntsaye da gara sun gama da hatsin. Ya hau dutsen ya durƙusa gaban sarki ya ce ya je garuruwa huɗu, kowane gari sun ga wutar, kowane gari kuma gabas suka nuna masa. Bai ga ciyawar da ta ƙone ba, bai ga sawun doki ba. Abin da wutar take, bai sani ba. Abu guda ya sani, ba ta sauka a ƙasarsu ba. Mutanen da yunwa ta fara kamawa suka yi masa ihu, wai kwana bakwai ya ɓata ya dawo hannu wofi.

Nan take tsayawa. Kullum sai mun tayar da rigima.

“To Inna, wutar mece ce?”

“Ni nat tahi? Ku tambayi mai rijiya.”

“Ai shi ma bai sani ba!”

“Shi ya sa nika son shi,” in ji ta, tana tono gyaɗa. “Ku tashi, ƙarya ta ƙare, wanda yar riƙe ta ya riƙi hayaƙi.”

Inna Tumba ta rasu ina ajin farko a jami'a. Na gode wa Allah da bai nuna mata abin da zan faɗa yanzu ba.

Shekara biyu ke nan da faruwar abin. Bayan magariba kaɗan, mutanen ƙauyenmu suka ga fitilu a sama, jere kamar carbi, suna tafiya a hankali. Ba na raina tsoron da suka ji. 'Yan bindiga sun shigo mana sau biyu kafin wannan rana, mun binne mutane, an kore shanu. Amma kafin gari ya waye wani saƙon murya ya zagaye wayoyi. Mai maganar ya ce jirgi ne ya zo sauke wa 'yan bindiga makamai a bayan gari, kuma an ga wani infoma yana yi masa alama da tocila. Bai ce “na ji” ba. Cewa ya yi “mun gani da idanunmu.” Muryar Shafi'u ce.

Mutumin da aka gani da tocila Kawu Lawali ne. Akuyarsa ce ba ta dawo ba, ya fita nemanta a gefen gonarsa. Da hantsi 'yan sa-kai suka ɗaure shi a gindin darbejiya, suka doke shi har hannunsa na dama ya karye. Dattawa ne suka roƙa aka bar shi da rai, bisa sharaɗin ya bar garin. Ya kwashe iyalinsa ya nufi Kaura Namoda, geronsa yana tsaye a gona.

Dole in faɗi nawa laifin. Saƙon ya same ni a makaranta, ina shirin jarrabawar ƙarshe a fannin kimiyya, kuma ban san wa ake nufi ba. Na tura wa mutum biyu, har da ƙarin cewa “Allah ya tona asirinsu.” Ni da aka koya wa auna kuskuren ma'auni, ni da na zana jakin liman a toka. Har yau idan na tuna, kaina nake fara tsinewa kafin Shafi'u.

Da na iso gida na yi abin da ya kamata a yi tun daren farko. Na bi mutum goma sha ɗaya, kowa shi kaɗai, na tambaye shi inda ya tsaya, da lokacin, da inda fitilun suka ɓullo da inda suka ɓace, ina rubutawa a littafi. Babu wanda ya ji ƙarar inji. Babu wanda ya ga sun yi ƙasa. Na je bayan gari inda aka ce an sauke kaya, ban ga karan da ya kwanta ba. Na kira abokai a Shinkafi da Katuru da Ɗan Isa, dukkansu sun ga fitilun a wannan lokaci, kuma kowa yana zaton a saman garinsu suke. Abin da garuruwa masu nisa haka za su hanga tare, ba ƙaramin tsawo yake da shi ba, kuma ba tocilar manomi ce za ta kira shi ba.

Haka masana suke yi da abubuwan da ake gani a sararin sama ba a gane su ba. Ba sa dariya ga mai shaida, ba sa kuma karɓar fassararsa. Suna neman lokaci da alƙibla, da shaidu daga wurare daban-daban, da abin da na'ura ta ɗauka. Galibi abin yakan zama jirgi, ko balan-balan, ko tauraron ɗan'adam, ko ma tauraruwar nan Zara da muka saba gani. Abin da ya rage sai su rubuta cewa ba a gane shi ba, su bar gurbin a buɗe. Zatona mai ƙarfi shi ne taurarin ɗan'adam ne da aka harba a jere, amma ba ni da hujjar da zan rantse a kai, don haka a littafina “zato” na rubuta.

Na kai littafin gaban mai gari, Shafi'u yana zaune a wurin. Na karanta musu komai.

“To mi ne ne, ɗan boko?” in ji mai gari.

“Ranka ya daɗe, ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne bai sauka a nan ba.”

“Ba ka sani ba, kuma kaz zo kana ƙaryata waɗanda sunka gani?”

Na juya ga Shafi'u. “Ina ka tsaya a daren?”

Ya kawar da kai. “Kowa ya gani.”

“Kai nake tambaya. Ka ga jirgin? Ka ga kayan?”

“Kawunka ne, dole ka kare shi,” in ji shi. Aka tashi taron a nan.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Inna ba ta da ƙarshe, domin ba ta gaya mana mece ce wutar ba. Yanzu na gane cewa ba wutar ce ta cinye hatsin garin ba, mutum biyun da suka kasa dawowa su ce ba su sani ba ne. Abin da yake tafasa mini zuciya shi ne mun mayar da “ban sani ba” abin kunya, mun ɗaukaka duk wanda ya yi magana da ƙarfi. Mutanen da tsoro ya gallaba suna bukatar amsa kafin safiya, kuma amsar da ta fi saurin samuwa ita ce sunan maƙwabci. Waɗanda suka kashe mana mutane suna daji lafiya lau. Wanda muka iya kamawa shi ne mai neman akuya.

Wata biyar bayan korar Kawu, fitilun suka sake ratsawa, a jere, shiru, kamar na farko. Rabin gari ya gani. Babu tocila a bayan gari, babu Lawali. Na jira wani ya yi magana a masallaci. Babu wanda ya yi, kuma babu saƙon murya ko ɗaya.

Na hau mota na tafi Kaura. Na same shi kusa da tasha yana sayar da rake, yana sara da hannun hagu domin na daman bai ƙara riƙe adda ba. Na ba shi labari, na ce yanzu kowa ya san gaskiya, damina ta matso, ya zo mu koma ya yi sharar gona.

Ya ɗago daga raken da yake ferewa.

“Su sunka ce in dawo, ko kai?”

Na so in ce su ne. Wallahi na so.

“Ni ne, Kawu.”

“To bari sai sun ce.” Ya miƙo mini gaɓa ɗaya. “Sha, ka yi tahiya.”

An yi ruwan shuka sau biyu tun daga ranar. Har yanzu ba su ce ba.