Zakaran Kirsimetin shekarar gobara

Shekarun baya, lokacin ina koyon ɗinki a Birnin Kudu, aka aiko mini daga ƙauyenmu da ke wajen Farin Dutse cewa dawarmu ta ƙone. Mahaifina ya rasu a farkon damunar, ni da mahaifiyata da ƙannena muka lallaɓa gonar har ta nuna. An girbe, an ɗaure dammuna an tara a gona ana jiran amalanke. Maƙwabcinmu, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya cinna wa yayin gonarsa wuta, iska ta juya. Da na iso toka kawai na tarar.

Gidajen Kirista a ƙauyenmu ba su da yawa, kuma muna da wata al'ada. Duk Kirsimeti ba ma yanka dabba da hannunmu, Musulmi muke kira ya yanka don maƙwabta su iya cin abincin da za mu aika musu. A gidanmu, tun ban san kaina ba, wannan maƙwabcin ne ke yanka mana akuya, mahaifina ya ba shi wuya.

To mutumin nan bai zo jaje ba. Da mai unguwa ya tambaye shi, cewa ya yi yara ne masu farautar gafiya. Matarsa ce ta zagayo ta bayan gida tana hawaye ta faɗa wa mahaifiyata gaskiya. Mahaifiyata ba ta kai maganar ko'ina ba. Ni kuwa na ci alwashi kala-kala, alhali ko ɗan akuya ban taɓa kayarwa ba.

Ba da shi kaɗai na yi fushi ba, har da Allah. Ranar bikin godiya a coci, kowa na shiga da daminsa ana waƙa, ni ina zaune a gindin darbejiya a waje. A raina na ce an ɗauke uba, an ɗauke hatsi, godiyar me kuma ake so in yi? Fasto ya fito ya zauna kusa da ni. Na shirya masa amsoshi masu zafi, amma bai yi mini wa'azi ba, tambayata kawai ya yi ko na karya.

Kirsimeti ya zo, babu akuya. Zakara ɗaya ya rage a gidan, shi ma duk ƙashi. Da safe mahaifiyata ta ce, "Je ka kira Malam ya zo ya yanka mana."

Na ce, "Inna, wane Malam?"

"Malam nawa gare mu?"

Na ce mata zakara ne fa, ni ma zan iya. In ma dole sai Musulmi, ai ba shi kaɗai ba ne a garin. Ta ci gaba da tsince shinkafar da matan coci suka haɗa mana, ba ta ko ɗago ba.

"Kana tsammani na huce ne? Ban huce ba. Har yau in na bi ta gonar nan ƙirjina zafi yake. Amma in wani ya yanka yau, gobe kowa ya san an raba gari, shi ke nan har jikoki. Yesun da muke murnar haihuwarsa bai jira mun gyaru ba kafin ya zo. Tashi ka je."

Na tafi ina jan ƙafa. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Baba, Inna ta ce ka zo ka yi mana yanka."

Ya daɗe yana kallon igiyar. "Ita da bakinta ta ce?"

Na ce eh.

Ya ɗauko wuƙarsa ya biyo ni. Na riƙe masa zakaran, ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka. Da ya gama sai ya tsuguna yana wanke wuƙar, ya juya mana baya, yana ta wankewa ba ta da ranar fita. Can ya ce, "Ni na sa wutar nan. Kunya ce ta hana ni zuwa."

Mahaifiyata ta ce, "Na sani, Malam. Ka gaida mutan gida. Za a kawo abinci bayan mun taso daga coci."

Har wuyan zakaran sai da ta sa na kai masa, abin da bai kai yatsa biyu ba. Na so in yi dariya, haushi ya hana ni.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya daidaita. Mun sha wuya a shekarar, garin rogo ya san mu mun san shi. Shi ma ba mai hali ba ne, bai iya mayar mana da dawa ba. Da ruwa ya sauka dai ya zo da shanunsa ya yi mana huɗa kafin ya taɓa gonarsa. Ni kuma na koma shiga coci, da farko don kada Inna ta yi magana, daga baya don kaina. Ban san ranar da na yafe masa ba. Na dai lura wata rana ina gaishe shi ba tare da na tuna toka ba.

A da ina ganin sai zuciya ta yi sanyi ake yafiya, sai kuma mai laifi ya zo ya durƙusa. A gidanmu ba haka abin ya zo ba, da zafinta Inna ta aika a kira Malam.

Bayan Malam ya rasu na taɓa tambayarta, "Inna, da a ce ranar nan ya yanka ya tafi bai ce komai ba fa?"

Ta ce, "Da baɗi sai in sake aikenka."